Hawan Chappal Waddi daga Gombe: bayani kan hanya, sanyi da batun iyaka

In ka tambayi mutane a tashar mota a Gombe wane dutse ne ya fi kowanne tsawo a Najeriya, yawanci Jos za su nuna maka. Ba su yi nisa da gaskiya ba, don duwatsun Shere da ke gefen Jos sun kai mita 1,829. Amma akwai wanda ya ɗara su da kusan mita 600. Sunansa Chappal Waddi, wasu kuma su ce Gangirwal, tsawonsa mita 2,419 daga doron teku. Yana jihar Taraba, cikin gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti, daidai kan iyakar Najeriya da Kamaru. Mai jin Fulatanci ya riga ya gane rabin sunan: caɓɓal shi ne tudu mai faɗi a can sama, irin wanda makiyaya ke hawa da shanu.

Wannan ma'anar ita ce mabuɗin fahimtar dutsen. Ba tsayayyen dutse ba ne irin na Tangale da ake hange daga hanyar Kaltungo, wanda sai an yi rarrafe. Tuddai ne masu ciyawa, wani kan wani, da kurmi a cikin kwaruruka. Ba a buƙatar igiya ko ƙugiya. Duk mai lafiyar da zai iya yin tafiyar awa shida zuwa takwas da kaya a baya zai iya kaiwa. Abin da ke mayar da mutane gida ba su taka ƙololuwa ba, ko ya kwantar da su a hanya, kusan kullum lissafi ne: na kwanaki, na sanyi, na ruwa, na takarda.

Hanya da kwanaki

Daga Gombe ana bi ta Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, a faɗa Numan, sannan a karkata zuwa Jalingo. Wannan yini guda ne, kuma a kwana a Jalingo. Washegari a kama hanyar Garba Chede zuwa Bali, daga nan Serti, inda hedikwatar gandun dajin take. Kada a yi gangancin haɗa waɗannan zango biyu a rana ɗaya. Hanyar tana da wurare marasa kyau, ga shingayen jami'an tsaro, kuma tafiyar dare a wannan yanki ba abin da mai hankali zai zaɓa ba ne.

A Serti ake yankar izini, a biya kuɗin shiga, a haɗa ka da jami'an gandun da za su raka ka. Gandun ya kafu ne a 1991 bayan an haɗe tsofaffin dazukan Gashaka da Gumti, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma shi ne mafi girma a ƙasar nan. Shiga ba izini laifi ne a doka. Ko da ba doka, wanda ya shiga irin wannan daji ba ɗan jagora ya sayi wahala da kuɗinsa. A tuntuɓi ofishin tun makonni kafin tashi, a faɗi yawan mutane da ranakun da ake so, a kuma tambayi halin tsaro na wannan lokacin. Labarin wanda ya je bara ba zai yi maka aiki bana ba. A yi ƙoƙari a isa Serti a ranar aiki, don wanda ya sauka da yammacin Juma'a yana iya zaman jiran Litinin.

Hanyoyin hawa biyu ne. Ta farko ta cikin kurmi ce, daga ƙauyen Gashaka a ƙasa, tafiyar kwanaki da yawa a ƙafa, ana ƙetare rafuka ana hawa daga zafi zuwa sanyi. Wannan ta ƙwararru ce. Ta biyu, wadda yawancin masu hawa ke bi, ita ce a wuce Serti da mota, a bi ta Mayo Selbe a haura tsaunin Mambila, a wuce Maisamari zuwa Nguroje. Daga Nguroje sai babur zuwa ƙauyen Njawai, daga can kuma ƙafa. Amfanin wannan hanya a bayyane yake: Mambila kanta tana wajen mita 1,600, wato mota ta riga ta hau maka kashi biyu cikin uku na tsawon.

Wannan zangon babur ɗin shi ne mutane suka fi rainawa. Awanni ne a kan turbar jar ƙasa mai hawa da gangara, jaka ɗaure a baya, kana sauka kana turawa a wasu wuraren. Mutum yakan isa cinyoyinsa na rawa tun bai fara tafiyar ƙafa ba. Kada a goya mutum biyu da kaya a babur ɗaya don ragin kuɗi. A kuma yi magana da 'yan acaɓan a kan rana da lokacin da za su dawo ɗauka, a riƙe wani kaso na kuɗin sai sun dawo.

Idan aka tara: kwana biyu zuwa Serti, ɗaya zuwa bakin dutse, biyu zuwa uku na hawa da sauka, uku na komowa. Takwas ko tara ke nan. A ƙara kwana ɗaya na ko-ta-kwana. Ma'aikacin da ya ɗauki hutun kwana biyar ya ce zai je ya dawo, shi ne zai matsa wa tawaga a yi tafiya cikin hazo ko duhu, kuma daga nan ɓarna take farawa.

Lokacin zuwa daga Disamba ne zuwa farkon Maris. Damina a Mambila tana da tsawo, takan faro tun wajen Afrilu ta kai Oktoba ko ta gota, kuma a lokacin turbar babur takan zama taɓo mai santsi, rafuka su cika. Rani ma da nasa: ƙurar hunturu tana iya rufe nesa, ka hau har sama ka ga fari fat. Wanda hoto ya kai shi, farkon Disamba ya fi masa, lokacin ciyawa ba ta gama bushewa ba.

Sanyin da ɗan Gombe bai saba da shi ba

Ga ƙa'idar: duk hawan mita 1,000, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6.5. Tsakanin garin Gombe da kan Chappal Waddi akwai tazarar kusan mita 2,000, wato bambancin digiri 13 ko kusa da haka. Daren da ake ƙorafin sanyi a Tudun Wada ko Pantami ana hura wuta a ƙofar gida, a cire 13 daga abin da ma'auni ya nuna, a ƙara iska mai kaɗawa ba abin da ya tare ta. Abin da za a kwana a ciki ke nan.

Amma ba sanyin kaɗai ke kayar da mutum ba, sai ya haɗu da jiƙa. Da sassafe ciyawar tana ɗauke da raɓa, tana kai wa gwiwa ko ƙugu, kuma cikin minti 20 wando ya jiƙe sharkaf, ruwan ya gangara cikin safa. Ga gumi a baya ƙarƙashin jaka. Muddin ana tafiya jiki na ƙuna, ba a ji. Da an tsaya hutawa a kan tudu iska ta bugi jiƙaƙƙen tufafi, zafin jiki sai ya fara zurarewa. Auduga ita ce babbar matsala a nan, don tana shan ruwa ta riƙe. Wandon jins da singiletin auduga da shadda a bar su a jaka don komowa gida. Rigar ƙwallo ta roba, wadda kowane matashi yake da ita, ta fi su amfani nesa ba kusa ba, saboda tana bushewa da wuri.

Sutura hawa uku ake yi. Na ciki rigar da ba ta riƙe gumi. Na tsakiya suwaita mai kauri ta ulu ko makamancinta. Na waje rigar ruwa mai hula, wadda ke tare iska. Duk ana samunsu wajen 'yan gwanjo ba tsada. A ƙara hular sanyi, safar hannu, da safar ƙafa ƙafa uku, ɗaya daga ciki ba a taɓa ta sai lokacin barci. Dabarar ita ce a fara tafiya ana ɗan jin sanyi, a cire suwaita kafin gumi ya keto, a mayar da ita da zarar an tsaya, tun kafin jiki ya huce. Duk kayan da ke cikin jaka a zuba su cikin babbar leda a ƙulle bakinta.

Wajen kwana, mutane sukan damu da bargo su manta da ƙasa, alhali ƙasar ce ke zuƙe ɗumin jiki. Tabarmar roba ta salla ba ta isa ba. A nemi shimfiɗar soso mai kauri, da jakar barci wadda aka rubuta tana jure digiri 5 ko ƙasa da haka, da tanti mai rufi biyu don raɓa. Kada a kafa tanti a kan tsololuwar tudu saboda iska, kada kuma a kafa a gindin kwari inda sanyi ke taruwa da dare. Kuma ko kusa kada a shigar da gawayi ko risho cikin rufaffen tanti don jin ɗumi. Hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe mutum a cikin barci.

Alamar sanyi ya fara cin mutum: karkarwa mai ƙarfi, yatsu su kasa ɗaure igiyar takalmi, magana ta fara sarƙewa, tafiya kamar mai maye. In karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi tsanani. A tsaya nan take, a kare shi daga iska, a cire jiƙaƙƙun kaya a sa busassu, a sa shi cikin jakar barci, a ba shi shayi mai sukari in yana iya haɗiya da kansa.

Numfashi, da waɗanda ya kamata su ga likita

A mita 2,400 iskar da mutum ke shaƙa a kowane numfashi ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu a kan ta bakin teku. Za a ji haki, zuciya ta riƙa bugawa da sauri a hawan da bai kai ya kawo ba. Ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da ƙarancin iska ke kawowa, na sosai ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama, don haka a nan yawanci bai wuce ciwon kai da rashin barci ba, kuma kwanan da aka yi a Mambila yana taimaka wa jiki ya saba. In ciwon kai ya haɗu da amai da jiri, magani shi ne sauka.

Wanda abin ya fi shafa shi ne mai sikila. Ƙarancin iska, sanyi, ƙishirwa da gajiya, su ne abubuwa huɗun da ke tayar da ciwon, kuma ga su duka a wuri ɗaya, nesa da asibiti. Ko mai rukunin jini AS ya kula da shan ruwa, kuma kada ya yi wasa da ciwon da ya taso masa a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Mai asma, mai hawan jini da mai ciwon suga su ga likita kafin su sa rana.

Lissafin tafiya

Masu hawan duwatsu suna da wani tsohon lissafi da wani ɗan Sikotland mai suna Naismith ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. A ce zangon yini kilomita 12 ne da hawan mita 800. Tafiyar ta ci awa 2 da minti 24, hawan ya ci awa 1 da minti 20, jimla awa 3 da minti 44. Wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne marar kaya da ba ya tsayawa. Ga tawaga mai jakunkuna, da hutu, da salla, da cin abinci, a ƙara rabin wannan, ya zama awa biyar da rabi ko shida. Kuma da saurin wanda ya fi kowa rauni ake lissafi.

A wannan lokaci na shekara rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 6 da rabi, duhu kuma ba ya jira. Saboda haka ranar hawa ƙololuwa a tashi da an idar da asuba, a kuma yanke lokacin juyawa tun a sansani, misali ƙarfe 1 na rana. In lokacin ya yi ba a kai ba, a juya. Dutsen yana da yaudara: ka hango tudu ka ce shi ne na ƙarshe, ka hau ka tarar da wani a bayansa. Da "saura kaɗan" ake cinye awa biyu.

Nauyin jaka kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Mai kilo 65, kilo 13. Sauran a ba 'yan dako daga ƙauyen, a yi ciniki a fili kafin a tashi, a kuma lissafa abincinsu da na jami'an rakiya cikin guzuri. Ruwa lita 3 zuwa 4 a yini ga kowane mutum. Akwai rafuka, amma shanu na sha a cikinsu, don haka komai kyan ruwa a ido sai an tafasa. A wannan tsawo ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 92, shi ya sa ake barinsa ya yi minti 3 yana tafasa, kuma shi ya sa wake ba ya nuna da wuri. A bar wake a gida. Taliya, shinkafa, garin kwaki da sukari, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, kilishi, dambun nama, madarar gari da ganyen shayi sun wadatar. In gudawa ta kama wani, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa.

Takalmi shi ne wanda aka riga aka saba da shi, mai ƙasa mai gurzo. Sabon takalmi a ranar farko yana nufin bororo a rana ta biyu. Da an ji wani wuri a dunduniya ya fara zafi, a tsaya a manna filasta tun bai tashi ba. A yanke farce kafin tafiya, don a gangara yatsu ke dukan gaban takalmi. Watanni biyu kafin tashi a riƙa gwaji da jaka mai kilo 10 a tuddan Tula ko Dutsen Bima, hawa da sauka, sau biyu a mako in da hali.

Iyaka

A can sama babu shinge, babu ofishin kwastan, babu mai buga hatimi. Iyakar a wannan yanki tana bin doron tsaunuka ne, inda ruwan sama ke rabuwa, wani ya gangaro Najeriya wani ya nufi Kamaru. Tarihinta ma a karkace yake. Duk yankin yana hannun Jamus har Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya Ingila da Faransa suka raba shi, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ne wannan ɓangare ya shigo Najeriya a matsayin Lardin Sardauna. Kotun Duniya ta yanke hukunci kan iyakar ƙasashen biyu, tun daga Tafkin Chadi har Bakassi, ranar 10 ga Oktoba 2002, aka kuma kafa hukumar haɗin gwiwa don shata ta a ƙasa.

Abin da wannan ke nufi ga mai hawa shi ne, yana iya taka ƙasar Kamaru bai sani ba. Tsayawa a kan ƙololuwa tare da jami'an gandu ba matsala ba ce. Matsala ita ce gangarawa ɗaya gefen, ko don neman ruwa, ko bin wata turbar shanu da ta fi sauƙi, ko ɓata cikin hazo. Izinin da aka yanka a Serti ba ya aiki a can. Kamaru kuma ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka kada a ɗauka takardun da ke wuce da mutum Nijar ko Benin a da za su yi a nan. Wanda ke son shiga Kamaru ya bi ta mashigar hukuma da fasfo da katin rigakafin shawara. Ga shi kuma tun da rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru ya ɓarke, 'yan gudun hijira suka shigo Taraba, jami'an tsaro na ɓangarorin biyu ba sa wasa da baƙuwar fuska. Kowa ya riƙe katin shaidar ɗan ƙasa da kwafin izini a jikinsa, cikin leda, ba a jakar da ɗan dako ya yi gaba da ita ba.

Layin da taswirar waya ke nunawa kimantawa ce, kada a yi gardama da jami'i a kansa. Duk da haka a sauke taswirar yankin tun daga Jalingo, don wayar tana iya nuna inda kake ko babu sabis. Sanyi na zuƙe batir, sai a kwana da waya cikin jakar barci. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa, a bakin iyaka kuma cikin gandun gwamnati, kada a tashe shi sai da izini a rubuce. A riƙe tsabar kuɗi, ƙananan takardu, don bayan Nguroje ba a dogara da tura kuɗi ta waya.

A kan tuddan akwai rugagen Fulani, kuma ta gabansu za a wuce. A nan ɗan Gombe ya fi sauran baƙi sa'a, don gaisuwa da Fulatanci tana buɗe ƙofa. A fara da jauro ko arɗo, a kai ɗan goro, sukari da ganyen shayi. Kada a ɗauki hoton mata ko garke sai an tambaya, kada a ratsa tsakiyar shanu.

Wuta, hazo, maciji

Da rani makiyaya kan ƙone busasshiyar ciyawa don sabuwa ta tsiro. Wuta ta fi gudu in tana hawa tudu, don haka wanda ya gudu sama a gabanta ya yi kuskure. A ratse gefe, ko a koma inda ta riga ta cinye. In hazo ya sauko har ba a ganin na gaba, a tsaya wuri ɗaya a haɗu, a jira. Kowa ya rataya usur, busa uku alamar neman taimako ce. In hadari ya taso da tsawa, a sauka daga doron tudu, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Rafin da ruwansa ke gudu ya kuma wuce gwiwa, ba a shigarsa. Wanda bai kai haka ba a kwance maɗaurin jaka na ƙugu, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, a dogara da sanda.

Batun maciji ba sai an koya wa mutanen da ke da asibitin saran maciji a Kaltungo ba, sai dai a tuna cewa a nan asibiti yana da nisan yini ko fiye. Ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe ko agogo, a ɗaure gaɓar da itace kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin a fara sauka. A kakkaɓe takalmi kowace safiya, kuma ba a fita da dare ba tocila.

Sauka ta fi hawa haɗari. Ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya koma gida, busasshiyar ciyawa a gangara kuma santsi gare ta kamar sabulu. A taƙaita taku, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a ƙara ɗaure igiyar takalmi, a sa sanda gaba. Sandar makiyayi ta isa. A bar tazara tsakanin mutane saboda duwatsun da ke gangarowa. In an iso Serti a koma ofis a shaida musu an fito lafiya, don kada a tashi mutane nema. Sauro da ƙudan tsando suna ƙasa ne, wajen Serti da bakin koguna, ba a kan dutse ba, saboda haka zazzaɓin da ya taso bayan mako ɗaya ko biyu da komowa Gombe a je a yi gwajin jini, a kuma faɗa wa likita dajin da aka shiga.